Kiristanci na suna da bangaskiya ta zuci a Kaduna

Kiristanci na suna shi ne halin mutumin da ake ƙirga shi cikin masu bi saboda gidan da aka haife shi, ko sunan da yake amsawa, ko zuwansa majami'a ranar Lahadi, alhali bangaskiyar ba ta taɓa halinsa ba. Kishiyarsa ita ce bangaskiya ta zuci, wadda ake gane ta a tuba, da riƙon amana, da gafara, da taimakon mabukata. Batun ya shafi Kiristoci ko'ina a duniya, amma a Jihar Kaduna yana da nasa tarihi, domin a nan addinin ya tashi daga sabon abu mai wuyar karɓa ya zama gadon iyali cikin ƙasa da shekara ɗari.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Ayoyin da masu wa'azi suka fi jawowa kaɗan ne, kuma sanannu. A Markus 7:6 Yesu ya maimaita maganar annabi Ishaya game da mutanen da ke girmama Allah da leɓuna, zuciyarsu kuwa tana nesa. A Matiyu 6 ya hana yin sadaka da addu'a da azumi don idon mutane, a Matiyu 23:27 kuma ya kwatanta munafukai da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Ikilisiyoyin bishara sun fi dogara da Yohanna 3, inda Yesu ya gaya wa Nikodimu, wani shugaban Yahudawa, cewa dole a sake haifar mutum.

Zamanin mishan

Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) a 1893, ya rasu a Girku a 1894 bai kafa ikilisiya ba. Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Angilika, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa wajen 1929. SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, sannan a Kagoro a ƙarshen shekarun 1920. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da shi ne Ham da Atyap da Bajju da Agworok da sauran ƙabilun kudancin jihar suka riƙa karatu da sujada.

A wancan lokaci tambayar ko mutum na gaske ne ba ta da wuyar amsa, domin shiga addinin akwai tsada. Wanda ya tuba yakan fita daga tsafin dodo, wanda shi ne ke riƙe da doka da hukunci a ƙauye, ya daina shan burkutu, ya ƙi zuwa gona ran Lahadi, wani lokaci dangi su juya masa baya. Mishan ɗin ba sa gaggawar yin baftisma. Mai nema yakan daɗe a aji yana koyon karatu da tambayoyi da amsoshi, dattawa na lura da zamansa a gida, kuma mai mata fiye da ɗaya galibi ba a yi masa baftisma sai dai ya zauna a matsayin mai zuwa sujada. Wanda ya faɗi cikin zunubi a fili ana sa shi a horo: a sanar a gaban jama'a, ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa don tuna mutuwar Yesu) da shiga ƙungiya har na wasu watanni. Ana yin wannan har yau a ikilisiyoyi da yawa.

Sai dai waɗannan ma'aunai duk na waje ne, kuma a nan matsalar ta samo asali. Abin da uba ya yi da hawaye, ɗa ya tarar da shi a matsayin dokar gida. Makarantar mishan kuma ta zama hanyar samun aikin malanta ko na asibiti ko na jirgin ƙasa a Kafanchan, don haka suna irin su Bulus da Ishaya da Rahila ya fara zuwa da amfani na duniya.

Tsara ta biyu da farkawa

An kafa ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, a matsayin ikilisiya mai cin gashin kanta a wani taro a Kagoro a 1954. Ba a daɗe ba shugabanni suka fara kukan cewa majami'u sun cika amma almajirai kaɗan ne. Amsoshin da suka biyo baya sun ɗauki hanyoyi daban-daban. Ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda ta fara a Gindiri a 1957, ta bazu a makarantun sakandare tana koya wa 'ya'yan Kiristoci cewa kowa sai ya karɓi Almasihu da kansa. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a farkon shekarun 1960, ya kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, ya tura talakawan masu bi wa'azi ƙauye-ƙauye maimakon a bar wa fasto shi kaɗai. Zumuntar Mata, wadda littattafan tarihi ba su cika ba ta haƙƙinta ba, ita ce ta fi riƙe ɓangaren aiki: ziyarar marasa lafiya, kai itace da hatsi gidan makoki, sasanta ma'aurata, da waƙoƙin tulu da kacau-kacau waɗanda kan faɗa wa ikilisiya laifinta ba ɓoye-ɓoye.

Byang Kato da batun al'ada

Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936, ya taso a gidan da ke riƙe da addinin gargajiya, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka a 1973. Ya rasu a ruwa a gaɓar tekun Kenya a 1975. Matsayinsa shi ne Kirista ɗan Afirka ya riƙe harshensa da kiɗansa da suturarsa, amma Littafi Mai Tsarki ne zai yi wa al'ada hukunci. Ya yi kashedi a kan garwaya bangaskiya da tsafi, kamar mai zuwa sujada da safe ya je wurin boka da dare. Wasu masana tauhidi na Afirka sun ga ya tsananta wa addinin gargajiya fiye da kima. Bukukuwa irin su Afan a Kagoro da Tuk Ham a Kwoi suna gudana yau da halartar Kiristoci masu yawa.

Bayan rikice-rikice

Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na shari'a a 2000, da na 2002 da 2011 sun sauya ma'anar kalmar Kirista a bakin jama'a. Birnin Kaduna ya rabu kusan bisa kogi, Kiristoci suka taru a Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi da Gonin Gora. Addini ya zama shaidar unguwa da ƙabila da ƙuri'a, har matashin da bai taka majami'a ba shekara guda yana iya ɗaukar kansa mai kare ta.

Wani sanannen misali na tashi daga kare addini da faɗa zuwa gafara shi ne na Fasto James Wuye, wanda ya jagoranci matasa a faɗan 1992 ya rasa hannunsa na dama. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan uwa, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna. Wuye ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana aiki da Ashafa da ƙiyayya a ransa, sai da wani mai wa'azi ya gaya masa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya kafin ya saki ƙiyayyar.

Saɓani

Katolika da Angilika suna ganin baftisma da jibi hanyoyin alheri ne na gaske, ikilisiyoyin bishara kuwa suna sa tuba ta kai a gaba. Ikilisiyoyin Fentikos sun ƙara alamu irin su magana da harsuna, masu sukarsu na cewa wa'azin arziki da nuna yawan baiko sabuwar riya ce. Ana kuma jayayya a kan ɗankwali da wandon mata, da ko bencin horo yana gyara mai laifi ko yana koya masa ɓoyewa ne kawai.