Daga mayanka zuwa tanki: waiwaye kan kolajin da sinadaran da ƙananan halittu ke haɗawa

Ka kama fatar bayan hannunka ka ja ta sama, sannan ka saki. Abin da ya hana ta yagewa shi ne kolajin. Shi ne a agara, shi ne a guringuntsi, shi ne kuma saƙar da ma'adinan ƙashi ke zama a kanta. Tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jikinmu kolajin ne. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin gam, domin tun zamanin da mutane ke dafa fatu da jijiyoyin dabbobi su sami abin liƙi. An daɗe ana cin moriyarsa kafin a san kamanninsa.

A shekarun 1930 William Astbury, a Jami'ar Leeds, ya riƙa haska zaruruwan kolajin da hasken eksire yana nazarin ɗigogin da suka fito a faranti. Ɗigogin sun nuna akwai tsari, amma tsarin ya ƙi fitowa. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey, waɗanda suka dace a kan siffar wasu furotin ɗin, sun gwada sa'arsu a kan kolajin suka kuskure.

Amsar ta fito daga inda manyan ɗakunan binciken Turai da Amurka ba su sa ido ba. A 1952 masanin kimiyya ɗan Ireland J. D. Bernal ya ziyarci Madras ta Indiya, ya ba wani matashin farfesa, G. N. Ramachandran, shawarar ya duba kolajin, tunda babu samfurin da ya gamsar. Ramachandran ya sami agarar wutsiyar kangaru daga cibiyar binciken fatu da ke birnin, shi da Gopinath Kartha suka duƙufa. A 1954 suka buga a mujallar Nature cewa sarƙoƙi uku ne jere da juna, a 1955 kuma suka gyara: sarƙoƙin a tufke suke. Duk wanda ya taɓa kallon mai tufka zai gane. Kowane sili a murɗe yake ta hagu, sai a haɗa ukun a murɗa su ta dama, murɗin nan biyu masu saɓani su ne ke hana igiyar warwarewa. A tsakiyar tufkar wuri ya matse ƙwarai, don haka cikin amino asid, wato tubalan da ake jera sarƙar furotin da su, duk na uku a sarƙar dole ya zama gilaisin, ƙaraminsu duka. Idan gado ya sauya gilaisin guda da wani mai girma, tufkar ta sami tangarɗa, kuma daga nan ake samun cutar nan da ƙashin yaro ke karyewa da ɗan abu kaɗan.

Ba a bar mutanen Madras sun sha iska ba. A shekarar ta 1955 Alexander Rich da Francis Crick, daga Kambirij, suka ce samfurin ya cusa ƙwayoyin zarra kusa da juna fiye da kima; ɗauri ɗaya ne ke riƙe kowane rukunin amino asid uku, ba biyu ba. Wata tawaga a King's College ta Landan ta zo da irin wannan ra'ayi. A kan batun ɗaurin, su ne suka fi kusa da gaskiya. Sai dai sukar ta zame wa Ramachandran gobarar Titi: ya koma ya lissafa iya kusancin da ƙwayoyin zarra ke jurewa, a 1963 ya fito da taswirar da ke ɗauke da sunansa, wadda har yau da ita ake auna ingancin siffar kowane furotin. A ganina littattafan da ke ambaton Rich da Crick su tsallake Madras ba su yi adalci ba. Gardamar ba ta kwanta sosai ba sai 1994, lokacin da Jordi Bella, Barbara Brodsky, Helen Berman da abokin aikinsu suka fitar da siffar wani guntun kolajin dalla-dalla: tufka uku, ɗauri ɗaya kai tsaye, ruwa kuma ya yi mata ƙawanya.

Akwai wani ɗan ƙarin aiki da jiki ke yi wa sarƙar bayan ya ƙera ta, kuma a kansa rabin labarin nan ya rataya. Wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, yana bin amino asid ɗin furolin da ke cikin sarƙar yana maƙala masa ƙwayar zarrar oksijin, ya mai da shi haidiroksifurolin. A 1973 Richard Berg da Darwin Prockop suka nuna cewa kolajin da bai sami wannan gyara ba yana warwarewa a wajen digiri 24 na ma'aunin Salsiyos, ƙasa da zafin jikin mutum nesa. Enzayim ɗin kuwa ba ya aiki sai da bitamin C. Nan ne sirrin cutar da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa, dasashi na zubar da jini, tsofaffin raunuka na buɗewa, wadda James Lind ya gwada maganinta da lemo a 1747 ba tare da ya san dalili ba.

Ɗaya rabin labarin, na sa ƙananan halittu su haɗa sinadarai a tanki, ya faro ne da yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta rasa isasshen asiton na haɗa albarushin harsasai. Chaim Weizmann, malamin kimiyyar sinadarai a Manchesta, yana da wata bakteriya, Clostridium acetobutylicum, mai cin sitaci ta fitar da asiton da butanol. Aka ɗauke ta daga kwalba zuwa manyan tankuna. Da hatsi ya yi ƙaranci a 1917, har yaran makaranta aka sa su tsinto 'ya'yan wata bishiya don ciyar da ita. A shekarar ce kuma James Currie a Amurka ya gano cewa funfunar Aspergillus niger, idan aka ba ta sukari cikin ruwa mai tsami, tana zubo sitirik asid. Kamfanin Pfizer ya fara wannan sana'a a 1919, kuma ba a jima ba kasuwar da manoman lemon tsamin Italiya suka riƙe ta suɓuce musu. Gogewar da aka samu a tankunan nan ita ta taimaka wajen samar da fenisilin da yawa a 1944. A tsakiyar shekarun 1950 Shukuo Kinoshita na kamfanin Kyowa Hakko a Japan ya samo bakteriyar da ke fitar da gulutamet, amino asid ɗin da ke ƙara wa abinci ɗanɗano, ƙofar haɗa amino asid a tanki ta buɗe.

Sai man fetur ya yi arha. Asiton da butanol na matatar mai suka kori na tanki, masana'antun Weizmann suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya maimaita kansa a zamaninmu. Bayan Stanley Cohen da Herbert Boyer sun nuna a 1973 yadda ake dasa ƙwayar gado a bakteriya, aka kuma amince da insulin ɗin mutum da bakteriya ta haɗa a 1982, sai zuciya ta raya wa masana'antu cewa komai ma zai yiwu. A 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta jera sinadarai 12 da za a iya samu daga sukarin tsirrai maimakon mai, cikinsu har da suksinik asid. Kamfanin BioAmber ya buɗe masana'antarsa a Sarnia ta Kanada a 2015, daidai lokacin da gangar mai ke faɗowa daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. A 2018 ya durƙushe. Amyris, wanda ya yi suna da yistin da ke haɗa tushen maganin zazzaɓin cizon sauro na atimisinin, ya nemi kariyar fatara a 2023. Bakteriya da yisti sun yi aikin da aka sa su. Lissafin kuɗi ne ya ƙi. Waɗanda suka tsira, irin su laktik asid na robar da NatureWorks ke yi a Nebraska tun 2002, sun tsira ne don suna sayar da abin da mai ba ya bayarwa cikin sauƙi.

To, ina kolajin ya shigo? Abokin gogayyarsa ba rijiyar mai ba ce, mayanka ce. Fatar alade da fatu da ƙasusuwan shanu saura ne masu arha, daga gare su ake samun mafi yawan jelatin, wato dafaffen kolajin, na kwanson magani da sauransu. Abin da ya girgiza wannan hanya tsoro ne. An gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, a 1996 gwamnati ta yarda tana iya kama mutane. Ga kuma miliyoyin Musulmi da Yahudawa da ba sa son abin da ya fito daga alade, da mabiya Hindu da ke ƙyamar na saniya.

Da aka ce a ba ƙananan halittu aikin, sai binciken 1973 ya tare hanya. Bakteriyar E. coli da yisti suna iya karanta ƙwayar gadon kolajin su jera sarƙar, amma ba su da enzayim ɗin mutum mai gyara furolin, sai su fitar da igiyar da ɗumin jiki kaɗai ke kwancewa. A 1997 masu bincike a Oulu ta Finland suka dasa wa yistin Pichia pastoris ƙwayoyin gadon kolajin da na enzayim ɗin a tare, tufkar ta tsaya. Kamfanin FibroGen ya bi wannan layi. Kamfanin CollPlant ya zaɓi ganyen taba. Abin mamaki kuma, a farkon shekarun 2000 aka tarar bakteriyar Streptococcus pyogenes, mai sa ciwon maƙogwaro, tana da nata furotin mai tufka uku da ke jure zafi kusa da na jiki ba tare da haidiroksifurolin ko ɗaya ba. Cajin lantarki tsakanin silin ne ke taimakawa wajen riƙe ta.

Duk da haka akwai tazara tsakanin sili da tufafi. Ƙwayar kolajin guda tsawonta kusan nanomita 300 ne, kaurinta ɗaya da rabi (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A jiki dubbansu ke jeruwa, kowace ta ɗan zarce ta gefenta, su ba da ratsin da ke maimaituwa duk nanomita 67, sannan wani enzayim ya ɗinke su da juna, kuma ire-irensu 28 ne a jikin mutum. Yawancin abin da ke fitowa daga tanki a yau guntaye ne. Shi ya sa kasuwarsa ta taru a inda gram kaɗan ke da tsada kuma tsabta ta fi arha muhimmanci: man shafawa irin na kamfanin Geltor, kayan rufe rauni, da allurar cike fata, wadda hukumar magunguna ta Sin ta amince da wani nau'inta a 2021. Kwanson maganin da aka haɗiya da safe kuwa, in na jelatin ne, galibi har yanzu daga mayanka ya fito.