Kafin a Zuba Siminti: Wurin Haɗa Taki a Gandun Renon Itatuwa na Majalisar Gari

Duk dashen da ake rabawa a Kumasi, ko na darbejiya ne, ko mangwaro, ko maɗaci, a cikin baƙar leda yake fara rayuwa, kuma ledar nan ƙasa ake cika mata. Tun da aka soma ranar dashen itatuwa ta Green Ghana a shekarar 2021, da burin dasa itace miliyan 5 a yini guda, buƙatar dashe ta ƙaru a makarantu da masallatai da bakin tituna. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda ake samo ƙasar da ke cikin ledojin. Galibi mota ake turawa bayan gari ta kwaso baƙar ƙasar saman gona, wadda ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta taru. A biya kuɗin ƙasa, a biya kuɗin mota, a bar wa mai gona jan tsandauri.

A gefe guda kuma, fiye da rabin bolar da ke fita daga gidajenmu abin da ke ruɓewa ne: ɓawon doya da rogo da ayaba, ganyen kabeji, ruɓaɓɓen tumatir, kashin tumaki da awakin da muke kiwo a Aboabo da Asawase da Sawaba. Wadda ta yi sa'a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kwashe ta zuwa jujin Oti da ke Dompoase. Sauran a kwata take ƙarewa, ruwa ya ja ta zuwa rafin Aboabo ko Subin, ta toshe hanya, sai an yi ruwan dare guda mu wayi gari da ambaliya a tsakar gida. Muna zubar da abincin ƙasa a inda zai cuce mu, muna kuma sayen ƙasa da kuɗin jama'a. Wannan ne ya sa nake goyon bayan kowace majalisar gari da ke da gandun reno ta gina wurin haɗa taki na kankare, nake kuma roƙon a gina shi yadda ya kamata.

Akwai masu cewa wannan ɓarnar siminti ce. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, mu da muka tashi muka tarar da juji a bayan gida, wa ya taɓa yi masa daɓe?" Gaskiyarsa, kuma ga mai ɗan lambu a gida har gobe rami ko tsibi a ƙasa ya wadatar. Amma gandun majalisa ba bayan gida ba ne, Kumasi kuma ba arewa ba ce. Damina biyu muke yi a shekara, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsibin da aka tara a kan ƙasa tsirara, ruwa na ratsa shi ya wanke masa amfani, baƙin ruwan da ke tsatsowa ya nutse ƙasa ko ya gangara kwata. Ƙasan tsibin ya zama caɓi, baro ya kafe, ma'aikaci ya gaji ya daina juyawa, daga nan sai wari. Gara ta shigo ta ƙasa, saiwar itatuwan kusa ta kutso ciki. Wanda ya fi damuna shi ne, duk lokacin da aka kwasa da shebur, ana haɗowa da ƙasar wurin, da irin ciyawa da cututtukan saiwa da ke cikinta, a ɗura wa dashe mai mako uku.

Kankare na da nasa aibin, kada a ɓoye. Yana raba tsibin da tana da sauran ƙananan halittun ƙasa masu taimaka wa ruɓewa. Maganinsa mai sauƙi ne: duk sabon tsibi a barbaɗa masa shebur biyu ko uku na tsohon taki, su ne za su kawo masa rai.

Zaɓen wuri shi ne farko. A nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, inda aboboya za ta iya shiga ta juya. A nisanta shi da rijiya ko rafi da aƙalla mita 30, kada kuma a manna shi da katangar maƙwabci ko ajin makaranta. Sai dai ya kasance kusa da famfo ko tankin gandun, domin taki na shan ruwa sosai da rani.

Ga gandu matsakaici, daɓe mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 ya isa. Za a yanka ɗakuna uku a jere, kowanne mita 2 da mita 2, a bar fili mai faɗin mita 2 a gabansu don juyawa da tankaɗe. Ɗaki na farko na sabon tari ne, na biyu na wanda ke kan dahuwa, na uku na wanda ke hucewa. A kwashe ƙasar sama mai laushi har a tarar da mai tauri, a zuba jan marmara ko tsakuwa kaurin santimita 10, a daddaɓe sosai. Yawancin daɓen da ke tsagewa ba simintin ne ya gaza ba, ƙasan ne ba a daddaɓe ba.

Kwaɓin da aka saba shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. A lissafin birkila, buhu guda mai kilo 50 yana ɗaukar kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Idan baro kaɗai zai hau, kaurin santimita 10 ya yi, kuma daɓen da muka ambata zai ci wajen buhu 16. Idan aboboya za ta riƙa hawa da kaya, a kai shi santimita 15, a shimfiɗa ragar ƙarfe a tsakiya, a tanadi wajen buhu 23. Wannan ban da bulo da simintin gini. Na kawo lissafin ne don duk wanda aka ɗora wa sa ido ya san abin da yake ƙirgawa. Kada a bari a tsinka kwaɓin da ruwa don ya yi saurin zuba. Ruwan taki yana da ɗan tsami, kankaren da aka yi wa rowar siminti ko aka cika wa ruwa, shekara biyu ba za ta yi ba sai ka ga tsakuwa ta fito fili tana ɓarewa.

Sai gangara, wadda nan ne aka fi yin sake. Birkila ya saba da daɓen ɗaki, hannunsa kullum so yake ya daidaita. A nan ba daidai muke so ba. Kowace mita guda a sauke santimita 2, wato a faɗin mita 4 gaba zai fi baya ƙasa da santimita 8. A kafa fegi, a ja zare, a auna kafin a zuba, ba bayan an zuba ba. A bakin gangarar a yi ƙaramar kwata da za ta kai ruwan cikin rami mai filasta da murfi, ko ganga da aka binne. Na ga wani wuri da aka kashe masa kuɗi sosai, daɓe sumul gwanin sha'awa, amma tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Baƙin ruwa ya taru a wurin kamar tafin hannu uku, na durƙusa na duba, ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki, taku kaɗan daga inda mai gadi ke shimfiɗa tabarmarsa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne, kafin a biya birkila cikon kuɗinsa, a sheƙa bokitin ruwa a can baya, a tsaya a ga inda ya nufa. Ruwan da ya taru a ramin kuwa ba na zubarwa ba ne, a ɗebo a mayar wa sabon tsibi. Kada a zuba shi a kan wanda ya gama dahuwa, kada kuma a shayar da dashe da shi.

Lokacin da ya fi dacewa da ginin shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, amma hunturu na busar da kankare tun bai yi ƙwari ba. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, kada kuma abin hawa ya taka shi sai ya cika kwana 28. A tsaga layi a tsakiyar tsawon, daidai mita 3, domin in zai tsage ya bi nan.

Bangon ɗakunan kada ya wuce mita 1 da 'yan kai. A jera bulo ana barin 'yan tagogi a tsakani, saboda taki da iska yake dahuwa. Gaban kuma a bar shi a buɗe, a yi masa gurbin da za a riƙa zura katako ana zarewa. Rufin kwano wajibi ne, a ɗaga shi yadda mutum zai ɗaga shebur ba tare da ya buge ba, a sa masa indararo ya kai ruwan tanki. Idan kuɗi ya gaza, gara a rage ɗaki guda da a fasa rufi.

Ginin dai kwana kaɗan ne, aikin gaske yana bayansa. Taki na son busasshe da ɗanye a gauraye: busasshen ganye, ciyawar da aka yanke ta bushe da garin katako a gefe guda, ɓawon kayan abinci da ɗanyen ganye da kashin dabbobi a ɗaya gefen. A ƙiyasin ido, kashi biyu zuwa uku na busasshe, kashi ɗaya na ɗanye. Kumasi ba ta rasa ko ɗaya ba. Garin katako na nan jibge a Sokoban, gonakin kaji sun kewaye gari, kasuwanni kuma kullum sai sun fitar da ruɓaɓɓen kayan gwari. Amma a yi hattara da garin katako. In ya yi yawa tsibin ba zai yi zafi ba, kuma wanda ya fito daga katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara bai kamata ya shigo ba sam. Tsibin ya kai mita guda a tsayi, in ba haka ba ba zai riƙe zafi ba. Danshi kuwa da hannu ake gane shi: ka damƙi cikin tafi ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ya zuba ya yi yawa, in ya wargaje yana neman ruwa.

Bayan kwana uku ko huɗu tsakiyar tsibin za ta ɗau zafi, daga digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius. Wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ke cikin kashin dabbobi. Wanda ba shi da ma'auni ya soka rodi ya bar shi minti goma. In ya zaro ya kasa riƙe bakinsa, aiki na tafiya. Amma gefen tsibin ba ya samun wannan zafin, shi ya sa ake juyawa duk mako ɗaya ko biyu, na waje ya koma ciki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta ruwa ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wari mai hawa kai irin na fitsari kuma kashin kaji ne ya rinjaya, a ƙara busasshen ganye. In ana kula, cikin wata biyu zuwa uku tsibin zai ragu zuwa wajen rabi, ya yi baƙi, ya huce. A bar shi wasu makonni a ɗaki na uku kafin a tankaɗe da raga.

Kada gaggawa ta sa a cika leda da takin da bai nuna ba, ƙona saiwa yake yi. A shuka ƙwayar masara ko tumatir guda goma a gwangwani a gani. In mafi yawansu sun tsiro kore shar, ya yi. Ko a lokacin ma ba tsagwaronsa ake ɗurawa ba: kashi ɗaya na taki, biyu na ƙasa, ɗaya na yashi.

Iyayenmu mata da 'yan kasuwa, a nan ne ake buƙatar hannunku. Ma'aikaci biyu ba za su iya tsince ledar ruwa daga tarin aboboya guda ba. In an fara karɓa a unguwarku, ku ware bokiti guda na abin da ke ruɓewa kaɗai. Leda, kwalba, batir, reza, ƙunzugun yara, nama, mai, kashin kare ko na mage, duk kada su shiga. Nama da mai su ke kiran ɓera da ƙuda, fasasshiyar kwalba kuwa a tafin ɗan wani take ƙarewa. Masu kiwo, ku tara kashin tumaki a buhu maimakon share shi kwata. Ranar layya ma, abin da ake zazzagewa daga tumbin rago ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, in aka kai shi da wuri aka binne a tsakiyar tsibi mai zafi, taki ne mai kyau.

Ma'aikatan gandu su ma suna da haƙƙi a kan majalisa. A ba su takalmin roba da safar hannu da takunkumi, domin ƙurar busasshen taki na ɗauke da funfuna da ke tayar wa mai asma ciwo. A ajiye sabulu da ruwa a bakin wurin, a kuma tabbatar kowa ya yi allurar rigakafin sandarewar jiki, wato tetanus, tun da aiki ne na ƙarfe da kashin dabbobi.

Aboabo da Asawase da Sawaba a ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong suke, tsakiyar gari kuma a hannun majalisar birnin Kumasi. Kowace unguwa tana da wakilinta a majalisa. In maganar ta taso a taron unguwa, ku tambaye shi ko an saka rufi da ramin ruwa a cikin kasafin, wa zai tsaya a kan birkila ranar zuba kankare, wace rana ce kuma a mako za a riƙa zuwa karɓar bokitanku.