Malta da dokar da ta hana ta shiga ƙawancen soja

Malta 'yar ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a tekun Bahar Rum tsakanin Italiya da Libiya, faɗinta kilomita murabba'i 316 kacal, amma suna da sojojinsu na ƙasa da na ruwa da ɓangaren jiragen sama, kuma ba a tilasta wa kowa shiga soja.

Ingila ce ta mulke su har 1964, kuma ko bayan 'yanci sojan Ingila ba su kwashe nasu ya nasu ba sai 31 ga Maris 1979. To a 1987 sai 'yan Malta suka rubuta cikin kundin tsarin mulki, tun a sashe na 1, cewa ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce, ba za ta shiga kowane ƙawancen soja ba. Shi ya sa suna cikin Tarayyar Turai tun 2004 amma ba sa cikin ƙawancen soja na NATO.

Dokar ta ce babu ƙasar da za a bari ta kafa sansanin soja a Malta, kuma sojan waje ba za su taɓa kayan aikin sojan ƙasar ba sai gwamnati ce da kanta ta nema, shi ma sai in hari aka kawo musu ko ana barazana ga 'yancinsu, ko kuma ana aiwatar da hukuncin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. An gwada ta a 2011 lokacin rikicin Libiya, matuƙa biyu na sojan Libiya suka gudo da jiragen yaƙi ƙirar Mirage suka sauka Malta, aka karɓe su, aka yi ta kwaso baƙi daga Libiya ta nan, amma gwamnati ta ce ba za a tashi daga ƙasarta a je jefa bam ba. Ni dai a ganina sun yi daidai, ƙaramar ƙasa da ke maƙwabtaka da wuta dole ta yi taka-tsantsan.

Inda abin ya shafe mu kuwa, babban aikin sojan nan ceto ne a teku, yankin da aka ɗora musu ya kai wajen kilomita murabba'i 250,000, kuma ta nan kwale-kwalen roba na 'yan ci-rani ke bi, har da yaranmu da suka ratsa Agadas. Malta ta dage a sauke waɗanda aka ceto a tashar da ta fi kusa, sau da yawa Lampedusa ta Italiya kenan, Italiya ta ce a'a, ana wannan ja-in-ja mutane na shafe kwanaki a kan ruwa, wallahi abin ba daɗin ji.