Ma'ajiyar sunayen DNS ta Webalizer ta lalace: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Webalizer, manhajar da ke fitar da rahoton masu ziyartar shafin intanet, ta nuna min saƙon cewa ba a iya buɗe dns_cache.db ba. Rahotannina sun tafi ke nan?

A'a. Kwantar da hankalinka. Ba a cikin wannan fayil ake ajiye rahoto ba.

To, in share duk abin da ke cikin foldar in sake sabon lale?

Kul! Nan ne mutane suke yanke wa kansu hannu. A foldar akwai webalizer.hist, mai riƙe da jimillar watannin baya, da webalizer.current, mai riƙe da lissafin watan da ake ciki. Ka share su alhali tsofaffin fayilolin log, inda sabar ke rubuta kowace ziyara, sun riga sun tafi, babu mai dawo maka da su. Fayil guda ne ba shi da lafiya, shi kaɗai za ka taɓa.

Shi wannan fayil ɗin mene ne aikinsa?

Sabar tana rubuta adireshin IP na duk wanda ya ziyarci shafi. Manhajar tana tambayar DNS, tsarin da ke haɗa lambobin IP da sunaye, sunan da ke bayan kowace lamba, ta ajiye amsar don kada ta sake tambaya gobe. Kundin amsoshi ne kawai, a tsarin ajiyar bayanai na Berkeley DB.

Yaya ake gyarawa?

Dakatar da aikin cron, wato abin da ke tayar da manhajar da kansa a kan lokaci. Sauya wa fayil ɗin suna, kada ka goge tukuna. Sake tayar da manhajar, za ta ƙirƙiri sabo da kanta muddin saitin DNSChildren, a fayil ɗin saitunan Webalizer, ba sifili ba ne. Zagayen farko zai ɗauki lokaci, ka yi haƙuri.

Na yi haka, saƙon bai daina ba.

To tun farko ba lalacewa ba ce. Duba ko faifai ya cika. Duba wa ya mallaki fayil ɗin: ka taɓa tayar da manhajar a matsayin root, mai cikakken iko a sabar, yanzu mai amfani na cron ba shi da izinin rubutu. Sau nawa zan faɗi wannan?

Ya kamata in yi ƙoƙarin ceto abin da ke cikin tsohon, ko in bar shi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Galibi ka bar shi. A sigogin baya-bayan nan amsa tana tsufa bayan kwana 7 idan ba ka sauya saitin CacheTTL ba, don haka yawancin abin da kake ƙoƙarin cetowa manhajar da kanta za ta sake tambayarsa. Wahalar banza ce.

Amma akwai inda nake jan ƙafa. Sunan da ke bayan lamba yana sauyawa. Kamfanonin intanet suna raba lambobi yau su karɓe gobe. Idan kana shirin sake nazarin log na watanni shida da suka wuce, sunan da za ka samu na yau ne, ba na ranar ziyarar ba, wasu lambobin ma ba za su amsa ba sam. Tunda Webalizer daga ƙarshen suna yake hasashen ƙasa idan ba ka kunna GeoDB ko GeoIP, masu gano ƙasa daga lambar IP, ba, jadawalin ƙasashe ma yana iya karkacewa. Haka kuma idan ka shigar da wasu sunaye da hannunka ta wcmgr, manhajar kula da wannan fayil, ba ka da su a wani wuri, to ceto yana da ma'ana.

A irin wannan hali, yi aiki a kan kwafi. Gwada db_verify, ɗaya daga cikin kayan aikin Berkeley DB, ka ga ko da gaske ya lalace. Wani lokaci lafiyarsa ƙalau, an dai sabunta Berkeley DB a sabar ne, sabuwar sigar ba ta jituwa da tsohon fayil. Idan ya lalace, db_dump -r yana tsinto abin da ya rage, db_load ya mayar da shi sabon fayil. Ban yi maka alkawari ba fa. Yana iya tsinto rabi, yana iya haɗowa da shara, kuma suna maras daidai ya fi rashin suna muni, don babu wanda zai lura da shi a rahoto.

Me ya lalata shi tun farko?

Kashe manhajar tana tsakiyar rubutu, ɗaukewar wuta, ko cikar faifai.

Ina amfani da AWStats ne, wata manhajar mai irin wannan aiki, ba Webalizer ba.

Naka ya fi sauƙi: ma'ajiyar sunayensa rubutu ne zalla, a fayil ɗin dnscachelastupdate. Buɗe ka duba da idonka. Amma dnscache.txt da hannu ake cika shi, kada ka haɗa da shi wajen shara.