Kiɗan Ishumar

Ishumar salon kiɗan jita ne na Abzinawa, wanda ya taso a zaman gudun hijira a kudancin Aljeriya da Libiya wajen ƙarshen shekarun 1970. Da harshen Tamashek ake rera waƙoƙinsa.

Asali

Da sojojin Mali suka murƙushe tawayen Abzinawa na 1963 a Kidal, arewacin Mali, iyalai da dama sun tsallaka Aljeriya. Farin 1973 zuwa 1974 ya ƙarasa abin da ya rage: raƙuma da awaki suka ƙare, makiyaya suka watse, wasu har Kano, inda suka kama aikin gadi. Samarin da suka nufi arewa suna leburanci ba takardun zama su ne ake kira ishumar, sunan kuma ya bi kiɗansu.

Cikinsu akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a rikicin 1963 yana ɗan ƙarami. An ce da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Wajen 1979 ya fara kiɗa da abokansa a garin Tamanrasset na kudancin Aljeriya, ƙungiyar da daga baya ta zama Tinariwen. Wasunsu sun shiga sansanonin horon soja da Gaddafi ya buɗe wa Abzinawa a farkon shekarun 1980.

Zamanin kaset

Ba ɗakin ɗaukar murya, ba kasuwa. Mutum ya kawo kaset ɗinsa a naɗa masa, a kwafa, direbobi su bi da shi hamada har Kidal da Agadas. Baitocin kan ambaci ƙishirwa, kewar uwa, da iyakokin da suka raba dangi, suna kuma yi wa masu barci faɗa su farka. Kiɗan ya ɗauko takunsa daga gangar tande da mata ke bugawa. Babban aikinsa shi ne, ta bakinsa waɗanda suka rage a gida suka ji abin da hijira ke yi wa ɗan adam, Abzinawan Mali da Nijar kuma suka fara jin ciwonsu ɗaya ne.

Ko waƙoƙin ne suka hura wutar tawayen Abzinawa na 1990 a Mali da Nijar, ko labarinsa kawai suka bayar, masana sun saɓa.

A Nijar

Abdallah Oumbadougou na cikin magabatan salon. Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, ya yi hijira zuwa Burkina Faso lokacin tawayen Abzinawa na 2007.

Daga baya

Tinariwen ta ci kyautar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 2012, shekarar da masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a arewacin Mali.