Waiwaye: Yadda masu ɗaukar hoto a Birtaniya suka raba gari kan hoton gargajiya da na zamani

A shekarar 1945, da ƙurar Yaƙin Duniya na Biyu ta lafa, wasu ƙananan ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto na garuruwan Ingila suka ja jikinsu daga inuwar Royal Photographic Society, uwar ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Birtaniya, suka haɗu a wata gamayya mai suna Combined Societies. Jagoransu shi ne Hugo van Wadenoyen. Kukansu ɗaya ne: uwar ƙungiya ta tsufa, kullum hotunan da take yabo su ne na jiya.

Abin dariyar shi ne, waɗanda ake kira 'yan gargajiya a lokacin, magabatansu ma 'yan tawaye ne. An kafa uwar ƙungiyar a Landan a 1853. A 1892 Henry Peach Robinson da abokansa suka fice suka kafa wata ƙungiya mai suna Linked Ring, saboda a ganinsu an mayar da hoto harkar sinadari da injin kawai, an manta da fasaha. Burinsu hoto ya yi kama da zanen mai zane: duhu-duhu, hazo, itatuwa a bakin rafi, tsohon masunci da lofensa. Linked Ring ta watse wajen 1910, amma salonta ya samu gindin zama a baje kolin London Salon of Photography da aka fara a wannan shekarar.

Aikin nasu ba na raggo ba ne. A dabarar bromoil, wadda ta bayyana a 1907, sai a wanke hoto, a koɗar da shi, sannan a bi shi da burushi ana ɗiga tawada mai maiƙo har siffar ta dawo yadda mai ita yake so. Hoto ɗaya kan cinye yini guda. Mutane irin su Alexander Keighley da F. J. Mortimer, editan mujallar Amateur Photographer, sun yi suna a wannan duniyar, kuma alƙalan gasa a ƙananan ƙungiyoyi da ma'auninsu suke auna kowa.

Sai ƙaramar kyamarar Leica ta shigo kasuwa a 1925, mujallar Picture Post kuma ta fito a 1938, ta riƙa buga hotunan mutane a titi da masana'anta, aikin su Bert Hardy da Bill Brandt. Matasa suka ce ga hoto nan: kaifi, haske na gaskiya, rayuwa yadda take, babu shafe-shafe. Dattawa suka ce wannan ɗauki-ka-wuce ne, kowa ma zai iya. Helmut Gernsheim, wanda ya gudo daga Jamus, yana cikin waɗanda suka fi caccakar tsohon salon a rubuce tun farkon shekarun 1940.

A ganina 'yan zamani ba a zauren ƙungiya suka ci nasara ba. Wurin suka bari. Roger Mayne, wanda Wadenoyen ya ƙarfafa wa gwiwa, ya shafe 1956 zuwa 1961 yana ɗaukar yaran titin Southam a yammacin Landan, kuma mujallu da gidajen nunin fasaha ne suka ɗaga shi. Mujallar Creative Camera ta biyo baya a 1968, sannan Sue Davies ta buɗe Photographers' Gallery a Landan a 1971. Su kuwa ƙungiyoyin garuruwa suka ci gaba da taronsu na mako-mako, alƙali na ba da maki, ana miƙa kofi ga wanda hazonsa ya fi kyau.