Ina Ake Ɗaukar Shirin Nan? Amsoshi Ga Mai Son Ganin Lokeshan a Kano

Tun da shirye-shirye masu dogon zango suka karɓe kasuwar fim ɗin Hausa, baƙon da ya sauka Kano daga Maraɗi ko Damagaram ko Kumasi ba Kantin Kwari kaɗai ke ransa ba. Yana gama sayen atamfa sai ya ce a kai shi gidan Alhaji wane na cikin shirin da iyalinsa ke kallo kowane mako. Su kansu Kanawa da yawa suna da wannan sha'awa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da ya kamata mai niyya ya sani kafin ya tare Adaidaita Sahu.

Garin da ake nunawa a shirin, akwai shi da gaske?

Galibi babu. Ɗauki shirye-shirye biyu na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Garin Daɗin Kowa na cikin shirin marubuta ne suka ƙirƙire shi, haka ma jihar Alfawa ta cikin Kwana Casa'in. Akwai Daɗin Kowa na gaske a jihar Gombe, inda madatsar ruwa take, akwai kuma unguwa mai wannan suna a Jos, amma suna ne kawai ya zo ɗaya. Wanda ya hau mota zuwa Gombe don ya gaisa da mutanen cikin shirin ya yi asarar kuɗin mota.

Abin da yake na gaske shi ne lungunan da katangun da shagunan da aka tsaya a gabansu. Mafi yawan aikin Kannywood a Kano da ƙauyukan kewayenta ake yin sa, wasu kuma a Kaduna da Jos da Abuja.

To gidan attajirin nan mai ƙaton get fa? Ai shi na gan shi da idona.

Ka ga get ɗin, wannan gaskiya ne. Amma falon da aka shiga bayan an buɗe get yana iya kasancewa a wata unguwar dabam. Haka aikin yake tafiya: a ɗauki shigowar mota a wani gida a Nasarawa GRA saboda harabarsa na da faɗi, a ɗauki zaman falo a wani gida a Hotoro saboda kujerunsa sun dace da matsayin mai gidan a labari, ɗakin kwana kuma wataƙila ɗakin otal ne. Edita ne ke haɗa su a kwamfuta har su zama gida ɗaya a idon mai kallo. Jaruma za ta fito daga kicin da tire a hannu ranar Litinin, ta ajiye shi a falo ranar Alhamis, kai kuwa ka ga abin cikin daƙiƙa uku.

Shi ya sa wanda ya samu shiga irin waɗannan gidaje yakan ɗan yi turus. Falon bai kai girman da ya gani a talabijin ba, don kyamara da fitilu suna ƙara wa ɗaki fili da haske. Labulen ma an canza, hoton da ke bango an sauke, na masu gida ya koma wurinsa. Wani lokaci kuma gida ɗaya ya fito a shirye-shirye uku, an dai juya kujeru an sauya kusurwar ɗauka.

Me ya sa ba su gina wurinsu na kansu ba, kamar yadda ake yi a Indiya?

Kuɗi ne da kuma tarihi. Masana'antar ta taso ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin bidiyo na Hausa a kasuwa, kuma tun daga wancan lokaci da aron gida da aron mota aka saba aiki. Furodusan da ke lissafin kuɗin abincin ma'aikata da man janareta ba shi da rarar gina unguwa guda ta katako.

An taɓa yin wani babban yunƙuri. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da jama'a da dama suka nuna adawa, aka janye maganar. Ko me mutum yake gani game da wancan saɓani, sakamakonsa ga mai yawon buɗe ido a fili yake: babu wani wuri guda mai ƙofa da tikiti da za ka shiga ka ga duk abin da ka saba gani a allo. Garin ne kansa filin wasan.

Idan haka ne, daga ina zan fara?

Daga titin Gidan Zoo. Nan ne ofisoshin kamfanonin fim da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar sauti suka fi taruwa, a benayen da ke gefen titi da layukan da ke bayansu. Da yamma ba abin mamaki ba ne ka ga fuskar da ka sani tana sayen tsire ko tana jiran mota. A kan titin ne kuma gidan namun daji na Audu Bako yake, da katafaren kantin Ado Bayero. Duka wurare ne na kowa da kowa, ba ka buƙatar alfarmar wani.

Mai son tarihin sana'ar sai ya ƙara da kasuwar Ƙofar Wambai, inda dillalan kaset da faifan CD suka yi zamaninsu kafin intanet ta kwashe cinikin ta kai YouTube.

Hotunan gari da ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa, waɗanda ake ɗauka daga sama, ina ne?

Nan ne ziyarar take da daɗi, kuma nan nake so baƙo ya fi ba lokacinsa. Waɗannan hotuna da ake sakawa don a nuna gari ya waye ko an koma wata unguwa, galibi Kano ce tsagwaronta: gadojin sama, ƙofofin gari, hasumiyoyin masallaci, rufin kwano iya ganinka, da jerin Adaidaita Sahu masu launin ɗorawa, waɗanda suka cika titi tun bayan hana acaɓa a 2013.

Ka fara da Dutsen Dala da sassafe. Akwai matakala har sama. Idan ka kai, ka juya a hankali: tsohon birni ne a ƙarƙashinka, lungu cikin lungu, ga Goron Dutse can gefe, ga hayaƙin masu ƙosai yana tashi, ga muryar 'yan makarantar allo tana isowa daga ƙasa. Abin da kyamarar da ke shawagi a sama take nuna maka cikin daƙiƙa biyar, a nan za ka tsaya ka ƙare masa kallo, har da sautinsa, wanda a fim kiɗa ake ɗorawa a kansa. Dutsen nan shi ne mazaunin Barbushe a labarin kafuwar Kano, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi talabijin.

Daga nan ka gangara Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Rumfunanta a matse suke, masu sayar da sirdi da linzami da kayan fata da turare suna jere. Sai Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, kusa da fadar Sarki da babban Masallacin Juma'a. Duk wanda ke son ganin irin soro da zanen bango da daurin guga da ake kwaikwaya a finafinan sarauta, a nan zai ga na asali. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, shi ma ginin ƙasa ne da ya cancanci a tsaya a duba. Marinar Ƙofar Mata kuwa har yau ana tsoma zane a baba, kuma masu rinin sun saba da baƙi.

Abu ɗaya zai sosa maka rai a hanya, ni ma yana sosa mini: badala. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, a wurare da yawa ta zaizaye, a wasu an ci ta da gini. Kyamara takan zaɓi ɓangaren da ya rage da kyau. Kai da ka zo da ƙafarka za ka ga sauran.

Na gane ainihin gidan da aka yi shirin. Zan iya shiga?

A'a, sai da izini, kuma kada ka ɗauka dole ne a ba ka. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Gidan da ka gani a allo gidan mutane ne. Masu fim sun karɓi haya ko aro na 'yan kwanaki, sun naɗe wayoyinsu sun tafi, iyali sun ci gaba da rayuwarsu. Matan gidan ba 'yan fim ba ne, ba su yi alkawarin karɓar baƙi da kowa ba. Kowa ya san abin da ake nufi idan aka rubuta "Ba Shiga" a ƙofar zaure, kuma fitowar gida a talabijin ba ta goge wannan rubutu.

Idan namiji ne kai, ka yi sallama daga waje, ka jira a turo yaro ko mai gida ya fito. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka: "Baba, baƙo ne ni daga Katsina, iyalina suna son shirin da aka ɗauka a nan. Ko za a ba ni dama in ɗauki hoton ƙofar gida?" Idan ya ce to, ka gode, ka ɗauka, ka tafi. Idan ya ce a'a, ka gode ɗin dai. Mace takan fi samun sauƙin shiga wajen matan gida, amma ita ma sai ta ce, "Hajiya, don Allah ko zan iya?" kafin ta ɗaga waya.

Kada kuma ka wallafa kwatancen gidan a Facebook ko TikTok. Kai mutum ɗaya ne mai kyakkyawar niyya, amma bidiyonka zai iya jawo ɗari, kuma ba duka ne za su yi sallama ba. Akwai illa ta biyu: mai gidan da aka dama ba zai sake ba da gidansa ba, maƙwabtansa ma sun ga abin da ya faru. Da haka masu fim ke rasa wuraren aiki a unguwa.

Ana barin mutum ya kalli yadda ake ɗauka?

Ana bari, musamman in ta hannun wani ma'aikaci ka zo, ko furodusa ya san da zuwanka. In a titi ka tarar da su, ka tsaya inda aka tsayar da jama'a.

Sai dai ka zo da haƙuri, domin aikin jira ne. Za a ja janareta can nesa saboda ƙararsa, a ja waya, a kafa fitilu, wani yaro ya ɗaga makirfo a kan doguwar sanda har hannunsa ya gaji. Darakta ya ce a yi shiru. Jarumi ya yi sallama, ya zauna, ya buɗe baki ke nan sai mai Adaidaita ya danna hon a bakin layi. A sake. A karo na gaba akuya ce ta ratsa bayansu. A sake. Mai kula da kwantiniti yana duba littafinsa, yana tabbatar da cewa hular tana karkace yadda take ɗazu, shayin da ke kofi bai ragu ba. In aka kira salla a ajiye komai. Maganar da za ka ji cikin minti biyu a talabijin tana iya cin rabin yini, kuma duk wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai ƙara raina aikin mutanen nan ba.

Wayarka ta kasance a kashe. Kada ka ɗauki bidiyon abin da ake yi, don sakin fitowar da ba a nuna ba tukuna ɓarna ce ga masu shiri. Hoto da jarumi kuwa sai an tashi, kuma ka tambaya.

Ƙauyen da ake nunawa fa, da bakin ruwa?

Ba sai an yi nisa ba. Da ka fita ta hanyar Zariya ko ta Gwarzo ko ta Wudil, za ka fara ganin rumbuna da dangar kara da gonakin dawa. Mai son bakin ruwa yana iya zuwa madatsar Tiga da ke kudu da birni, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ko ta Challawa a Ƙaraye. A ƙauye ƙa'idar ta fi tsauri: ka fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka ce "Ranka ya daɗe," ka bayyana kanka, shi zai haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Masu fim ɗin ma ta nan suke bi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

In hoto kake so mai kyau daga kan Dala, ƙarshen damina ya fi, wajen Satumba zuwa Oktoba, sama ta wanke, gari ya yi kore. Da hunturu akwai sanyin yawo amma hazo yakan rufe nesa. Watannin Maris da Afrilu rana ba ta da sauƙi, sai dai ka fita da asuba ka dawo kafin azahar. Ranar Juma'a da rana hanyoyin da ke kewayen fada da babban masallaci sukan cushe, don haka ka tsara zagayen cikin birni a wata ranar. Ka ɗauki mai Adaidaita ɗaya ɗan gari na yini guda, ku yi ciniki tun kafin ku tashi, ka kuma riƙe canji a aljihu saboda kuɗin shiga gidajen tarihi da ɗan abin goro ga wanda ya zaga da kai.